Yarjejeniyoyin Kasuwancin Duniya da Ilimin Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka ji wata jami'ar waje za ta buɗe reshe, ko gwamnati ta sa hannu kan wata yarjejeniyar ciniki, sai iyaye da ɗalibai da malamai su shiga tambaya. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ya haɗa ilimi da kasuwanci tun farko?

Yarjejeniyar ciniki da kuɗin fito tsakanin ƙasashe ta 1947, wadda ake kira GATT, a kan kaya ta tsaya: auduga, gyaɗa, ƙarfe, motoci, duk abin da ake loda wa jirgi a biya masa kuɗin fito. A tattaunawar da aka fara a Uruguwai a 1986 ne ƙasashe masu arziki, Amurka a gaba, suka nace a shigar da hidimomi, wato abin da ake sayarwa ba a riƙe shi a hannu ba, irin su banki da inshora da sadarwa. An rattaba hannu a Marrakesh ta Maroko a Afrilun 1994, sannan a Janairun 1995 Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, ta fara aiki tare da yarjejeniyar cinikin hidimomi da ake kira GATS.

An kasa hidimomin gida 12, ilimi na ɗaya daga ciki. Shi ma an raba shi biyar: firamare, sakandare, ilimi mai zurfi, ilimin manya, da sauran nau'o'i. Dalilin kuwa kuɗi ne. A shekarar 2000 ɗaliban da ke karatu a wajen ƙasarsu wajen miliyan 2 ne, yau sun haura miliyan 6. A Ostareliya kuɗin da ɗaliban waje ke kawowa na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙasar, yana biye da irin su tama da kwal da iskar gas. Ƙasar da ke cin wannan riba dole ta so a rubuta mata ƙa'idar da za ta tsare kasuwarta.

Ta yaya ake sayar da ilimi daga ƙasa zuwa ƙasa?

GATS ta lissafa hanyoyi huɗu, kuma mutanenmu sun san kowacce ko da ba su san sunanta ba.

Ta farko, darasin ne ke tsallaka iyaka, kamar mai yin digiri na biyu ta intanet da jami'ar Ingila yana zaune a Kaduna. Ta biyu, ɗalibin ne ke tafiya, kuma nan ne kuɗi suka fi yawa: 'ya'yanmu da ke Masar da Indiya da Maleshiya da Birtaniya, da waɗanda aka kwaso daga Khartoum a 2023 da yaƙi ya ɓarke. Ta uku, makarantar ce ke zuwa ta kafa reshe ko ta sayi wata, kamar reshen Jami'ar Lancaster ta Birtaniya da aka buɗe a Ghana a 2013, ko yadda kamfanin Honoris ya karɓi Jami'ar Nile ta Abuja a 2020. Ta huɗu, malami ne ke zuwa ya koyar na ɗan lokaci ya koma.

A lissafin masu tattalin arziki, uban da ya biya wa 'yarsa kuɗin makaranta a Landan ya shigo da hidima ne daga Birtaniya, kuma dalar da ya nema ta fita daga ƙasa.

Ashe ba a keɓe jami'o'in gwamnati daga wannan yarjejeniya ba?

An keɓe, amma keɓewar tana da rauni. Sashe na 1 na GATS ya ce hidimar da gwamnati ke yi a matsayinta na hukuma ba ta ciki, bisa sharaɗi biyu: kada ta zama ana yin ta don ciniki, kuma kada ta zama tana gogayya da wani mai ba da irin wannan hidima.

To a duba halin da ake ciki. A Najeriya an ba jami'o'i masu zaman kansu na farko lasisi a 1999, wato Igbinedion da Babcock da Madonna, yanzu kuwa sun fi na tarayya yawa. Jami'o'in gwamnati na karɓar kuɗin rajista, suna da kwasa-kwasan wucin gadi da na ƙarshen mako da suke samun kuɗin shiga da su. Lauyan kasuwanci zai iya cewa ai ga ciniki nan, ga gogayya nan, saboda haka keɓewar ba ta hau kansu ba. Wani lauyan zai ce a'a, kuɗin rajista bai kai abin da ake kashewa kan ɗalibi ba. Kalmomin sashen sun ɗauki fassarar duka biyun, kuma wannan shi ne abin da ya fi tayar wa ƙungiyoyin malamai hankali tun farkon shekarun 2000.

Kenan duk ƙasar da ta shiga WTO ta buɗe jami'o'inta ga kowa?

A'a. Akwai ƙa'idar da ta hau kan kowa: gatan da ka yi wa masu ba da hidima na wata ƙasa, ka yi wa na sauran ƙasashen ƙungiyar. Amma manyan ƙa'idoji biyu, wato buɗe kasuwa da kuma daidaita baƙo da ɗan gida, ba sa aiki sai a fannin da ƙasa ta rubuta da hannunta a jadawalin alƙawuranta, kuma tana da damar gindaya sharuɗɗa.

Ilimi na cikin fannonin da ƙasashe suka fi ja da baya a kansu. Yawancin ƙasashen Afirka, har da Najeriya, ba su rubuta ilimi mai zurfi a jadawalinsu ba. Kaɗan ne irin su Lesotho da Saliyo suka buɗe shi sosai, da fatan jawo masu zuba jari. Sin kuwa da za ta shiga ƙungiyar a 2001 ta amince da makarantun waje bisa sharaɗin haɗin gwiwa da abokin tarayya na cikin gida. A kan wannan tsari Jami'ar Nottingham ta Birtaniya ta buɗe reshe a birnin Ningbo na Sin a 2004. Sin ta buɗe, amma linzamin na hannunta.

Idan ƙasa ce ke zaɓa da kanta, ina hatsarin?

Hatsarin yana cikin wahalar komawa baya. Buɗe ƙofar gida daban, cire ƙyauren gaba ɗaya daban. Wanda ya buɗe da dokar ƙasarsa, idan ya ga ɓarna gobe majalisa za ta zauna ta gyara. Wanda ya rubuta alƙawari a GATS, sashe na 21 ya ce sai bayan shekara 3 zai iya neman janyewa, kuma duk ƙasar da ta ce janyewar ta taɓa ta tana da haƙƙin neman diyya, wadda galibi buɗe mata wani fannin ne. Ma'ana, don ka dawo da ikonka kan jami'o'i sai ka saki wani abu a sufuri ko banki.

Sannan a duba abin da cikakken alƙawari ke hanawa. Sashe na 16 ya hana ƙayyade yawan masu ba da hidima, ya hana ƙayyade kason jarin baƙi, ya hana tilasta musu wani nau'in rajista ko haɗin gwiwa. Gwamnatin da ta ga jami'o'i sun yi yawa ba inganci, ta so ta ce baƙi ba za su wuce kaza ba, ko ta ce sai sun haɗa kai da jami'ar gida, za ta tarar ta ɗaure kanta.

Sashe na 17, na daidaita baƙo da ɗan gida, shi ya fi taɓa aljihu, domin yana iya shafar tallafi. Asusun TETFund, wanda ya samo asali daga harajin ilimi na 1993 da ƙungiyar ASUU ta yi fafutukar samarwa, makarantun gwamnati kaɗai yake ba kuɗi. Duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati a Najeriya ya ga sunansa a jikin ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje. Ƙasar da ta yi alƙawari ba ta rubuta ƙarara cewa tallafin gwamnati na makarantunta ne kaɗai ba, ta bar kafar da za a zo a ce mata ta nuna bambanci. Tarayyar Turai da Amurka sun san haka, shi ya sa suka rubuta sharuɗɗa kan tallafi a nasu jadawalin. Abin da manya suka tsare wa kansu, bai kamata ƙarami ya sake shi ba.

An taɓa yin shari'a a kan jami'a da wannan yarjejeniya?

An yi, kuma sakamakon ya ba masu sukar GATS mamaki. A 2017 gwamnatin Viktor Orban ta Hungari ta yi dokar da ta ce jami'ar da ta fito daga wajen yankin tattalin arzikin Turai ba za ta yi aiki ba sai akwai yarjejeniya tsakanin gwamnatin Hungari da ta ƙasar da ta fito, kuma sai tana koyarwa a can gida. Kowa ya gane da Jami'ar Tsakiyar Turai ake, wadda George Soros ya kafa a 1991, mai rajista a jihar New York. Hukumar Tarayyar Turai ta kai ƙara, kuma a ranar 6 ga Oktoba 2020 kotun Tarayyar ta yanke cewa Hungari ta saɓa alƙawarinta na GATS, ta kuma tauye 'yancin koyarwa da bincike.

A nan dokar ciniki ta tsaya wa jami'a a gaban gwamnatin da ke son rufe bakinta, kuma adalci ne a faɗi haka. Sai dai hukuncin ya zo a makare, domin jami'ar ta riga ta kwashe yawancin karatunta zuwa Vienna tun 2019. Shari'ar ta kuma tabbatar da cewa alƙawarin da aka yi a 1994 yana iya ɗaure hannun majalisa bayan shekara 20 da ɗoriya.

Su jami'o'in me suka ce?

Tsakanin 2000 da 2002 Amurka da New Zealand da Ostareliya da Japan suka gabatar da shawarwari a WTO kan cinikin ilimi. A Satumbar 2001 manyan ƙungiyoyin jami'o'i na Kanada da Amurka da Turai suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna roƙon gwamnatocinsu kada su ƙara alƙawari kan ilimi mai zurfi. Ministan ilimi na Afirka ta Kudu a lokacin, Kader Asmal, ya fito fili ya ƙi a ɗauki ilimi a matsayin haja. A Afrilun 2004 Ƙungiyar Jami'o'in Afirka ta yi taro a Accra, ta fitar da sanarwar da ta nemi gwamnatocin nahiyar su yi hattara, kada su ƙara alƙawari sai an fahimci abin da zai biyo baya.

Zagayen tattaunawar WTO da aka fara a Doha a 2001 ya cije, sai maganar ta lafa. Amma ciniki bai tsaya ba, ya koma yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa da na yanki. Da yawa daga cikinsu sun juya tsarin: a GATS abin da ka rubuta shi ka buɗe, a waɗannan kuwa komai a buɗe yake sai abin da ka rubuta ka keɓe. Wanda ya manta bai keɓe ilimi ba, ya bayar ke nan.

Amma ai muna da ƙarancin gurabe. Zuwan jami'o'in waje ba alheri ba ne?

Ƙarancin gaskiya ne. Kusan matasa miliyan 2 ke zana jarrabawar JAMB a shekara, kuma da yawansu ba sa samun gurbi. Ga yajin aiki, wanda a 2022 ya ci wata 8. Uban da ya ga ɗansa na zaune a gida ba za a ga laifinsa ba idan ya yi maraba da duk wanda ya zo da aji da malami. Reshe a gida ya fi tafiya waje sauƙi, kuma kuɗin hayar ɗaki da abinci a ƙasa suke zama. Maleshiya ta ci moriyar haka: Jami'ar Monash ta Ostareliya ta buɗe a can a 1998, Nottingham a 2000, har ƙasar ta zama wurin da 'yan Afirka ke zuwa karatu.

Amma a lura da abu uku. Mai neman riba kwasa-kwasan da ba su da tsadar koyarwa yake zaɓa, irin su kasuwanci da akanta da kwamfuta, a manyan birane. Aikin gona da likitan dabbobi da horar da malamai da nazarin harsunanmu, jami'ar gwamnati ake bar wa, alhali kuwa su ne ƙasa ta fi buƙata. Na biyu, malaman da zai ɗauka yawanci daga jami'o'in gwamnati zai janye su da albashi mai tsoka. Na uku, yana iya tafiya. Monash ta buɗe a Afirka ta Kudu a 2001, zuwa 2019 harabar ta koma hannun wani kamfanin ilimi na ƙasar.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, duk wannan alherin ana samun sa ba tare da alƙawari a yarjejeniyar ciniki ba. Indiya da dokar hukumar jami'o'inta ta 2023 ta ba jami'o'in waje izinin buɗe reshe. Ra'ayina shi ne a buɗe da dokar gida, a gwada, a ƙarfafa hukumar da ke sa ido, kada a yi gaggawar ɗaure kai.

Yarjejeniyar ciniki za ta sa a karɓi digirina a wata ƙasa?

Ba kai tsaye ba. Sashe na 7 na GATS ya halatta wa ƙasashe su amince da takardun juna, bai tilasta ba. Wannan aiki na wasu yarjejeniyoyi ne na daban, yawancinsu a ƙarƙashin UNESCO: ta Arusha ta 1981, wadda ta Addis Ababa ta 2014 ta sabunta, da ta duniya baki ɗaya da aka amince da ita a 2019 ta fara aiki a 2023. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sun daɗe da farawa, domin a Yamai aka kafa majalisar CAMES a 1968, wadda ke tantance digiri da ƙarin girman malamai a ƙasashe da dama, Nijar da Chadi da Kamaru na ciki.

Inda ciniki ya yi gaba, tantancewa ta tsaya a baya, abin da ke faruwa mun gan shi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami kwalin digiri daga Kwatano cikin mako 6, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatu na gaskiya a ƙasashen biyu su ma abin ya shafe su, kuma su ne abin tausayi. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar hukumar ƙasar da makarantar take ta amince da ita da kuma kwas ɗin, sannan a bincika matsayinta a ma'aikatar ilimi ta gida. Mai karatun likita ko lauya ko injiniya ya ƙara da tambayar majalisar sana'arsa.

Me ya sa ake sako maganar littattafai a ciki?

Saboda yarjejeniyar TRIPS kan haƙƙin mallakar rubutu da ƙirƙira, wadda ita ma ta zo da WTO a 1995. Ta wajabta kare haƙƙin mallakar marubuci aƙalla tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan rasuwarsa, da kare ƙirƙira na shekara 20. Wasu yarjejeniyoyin na baya sun ƙara a kai, kamar yadda Kanada ta mayar da nata wa'adin shekara 70 a ƙarshen 2022 saboda yarjejeniyarta da Amurka da Meziko.

Marubuci ya cancanci haƙƙinsa, babu ja. Amma wanda ya san jami'o'inmu ya san cewa shagon fotokwafi ne ɗakin karatun talaka. A Indiya, a 2012, maɗaba'un Oxford da Cambridge da Taylor & Francis sun kai ƙarar wani shagon fotokwafi da ke Jami'ar Delhi kan haɗa wa ɗalibai babi-babi na littattafan da malamai suka zaɓa. A 2016 babbar kotun Delhi ta ce dokar ƙasar ta halatta kwafi don koyarwa, a 2017 maɗaba'un suka janye ƙarar. Indiya ta yi nasara ne don dokarta ta tanadi wannan rangwame. TRIPS ta bar wa ƙasashe sararin yin irinsa, kuma wannan sarari ne ake matsa wa ƙananan ƙasashe su rage a yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Akwai kuma yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da ta ba da damar mayar da littattafai zuwa rubutun makafi da sauti ba tare da jiran izini ba.

Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka fa?

An sa hannu a Kigali a Maris 2018, Najeriya ta sa nata a taron Yamai na Yulin 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021. Tana da sashen hidimomi, amma fannoni biyar aka sa a gaba: hidimomin kasuwanci da sana'o'i, sadarwa, harkar kuɗi, yawon buɗe ido da sufuri. Ilimi ba ya cikin rukunin farko. Duk da haka za ta taɓa jami'o'i ta bayan gida, domin akanta ko injiniyan Kano ba zai yi aiki a Kumasi ba sai an yarda da takardarsa, kuma hakan zai tilasta a daidaita manhajoji. Tsakanin ƙasashen da ƙarfinsu ya yi kusa da juna, wannan ciniki ya fi zama mai amfani. Ɗaliban arewacin Najeriya da ke karatu a Maraɗi sun riga sun nuna akwai buƙatar.

Yarjejeniyar ciniki za ta sauƙaƙa biza ko kuɗin makaranta?

Da wuya. Ƙasashe ba sa sakin ikonsu kan shige da fice. Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, kuma babu dokar WTO da ta hana ta. Sai dai ƙasa mai ƙarfin ciniki takan ciro wa 'ya'yanta wani abu: a yarjejeniyar Indiya da Ostareliya ta 2022 an tabbatar wa ɗaliban Indiya damar tsayawa aiki bayan kammala karatu. Kuɗin makaranta kuwa, daidaito a kansa sai a haɗin kai mai zurfi irin na Tarayyar Turai. Da Birtaniya ta fice, daga 2021 sababbin ɗaliban Turai suka koma biyan kuɗin baƙi.

Wa ke yanke waɗannan shawarwari, kuma me ya kamata a nema?

Ma'aikatar ciniki ce ke zama a teburin, kuma abin da ke gabanta shi ne kasuwar kayan da ƙasa ke fitarwa. Ilimi yakan shigo ne a matsayin abin musaya. A Fabrairun 2024, da aka sanar da yarjejeniyar ciniki da zuba jari tsakanin Najeriya da Birtaniya, aka ce lauyoyin Birtaniya za su iya aiki a Najeriya. Ƙungiyar lauyoyin Najeriya ta tashi tsaye nan take, har ministar ciniki ta fito ta janye maganar. Malaman jami'a da shugabanninsu da ƙungiyoyin ɗalibai na buƙatar irin wannan sa ido.

Abin nema a bayyane yake. A wallafa daftarin kowace yarjejeniya kafin a sa hannu, majalisa ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a kai. Hukumar kula da jami'o'in Najeriya, NUC, da takwarorinta su kasance cikin tawagar tattaunawa tun daga farko. A rubuta ƙarara cewa tallafin gwamnati da kuɗin bincike da bashin karatu na makarantu da ɗaliban gida ne, kuma ikon ba da lasisi da tantance kwasa-kwasai da rufe makarantar da ta gaza yana hannun ƙasa. Duk reshen waje da za a ba izini, a wajabta masa ajiye tanadin da zai ba ɗalibai damar kammala karatunsu ko a mayar musu da kuɗinsu idan ya rufe.